Kafin Ka Tambayi Kyan Sikirin, Tambayi Kuɗin Canza Shi



Yau wata magana ce ta tsaya mini a wuya, na ga idan ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba. Ɗan yayata da ke zaune wajena a Agege, wanda ke sana'ar POS a bakin kasuwa, ya shigo gida ran Asabar da daddare fuska a murtuke, ya ajiye wayarsa a kan tabarma bai ce uffan ba. Na ɗauka na duba. Kusurwar sama ta tsage, wani baƙin tabo kamar an ɗiga tawada ya fara yaɗuwa, ga wani koren layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa. Daga aljihun riga ta zame lokacin da yake saukowa daga danfo. Wata biyar ke nan da sayen wayar. Kwancen Ingila ce, irin masu lanƙwasasshen gefen nan, naira dubu 320 ya biya, kuma sai da ya sayar da tsohuwar wayarsa da ke aiki lafiya lau, ya haɗa da kwasar adashensa, sannan kuɗin suka cika. Ranar da ya kawo ta na tambaye shi abin da ya samu waccan, sai ya ce, "Kawu, ai babu abin da ya same ta, sikirin ɗinta ne ya zama na da. Dubi wannan, AMOLED ne, kai ka ce ka sa hannu ka taɓa mutum." Na duba, na kuma yarda ya yi kyau.

Ran Litinin muka shiga Ikeja, kasuwar Computer Village, muka zaga shago uku. Mafi sauƙin kuɗin da aka yi mana na sikirin ɗan asali shi ne dubu 190. Mai gyara na ƙarshe, da ya ga yaron ya yi tsuru-tsuru, sai ya ce akwai kwafi na dubu 55, amma ya gaya mana gaskiya: LCD ne, launinsa ba zai kai ba, zai fi cin batir, kuma buɗe waya da yatsa a kan gilashi ya ƙare ke nan. Shi muka sa, don shi aljihu ya iya. To, ga lissafin: yaro ya kashe dubu 375, a hannunsa kuma akwai waya mai sikirin da bai kai na wadda ya sayar ba. Kuɗin takin da ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin aikawa kafin damina ta zauna, su ne suka tafi a teburin mai gyara.

Wannan ne ya sa na ce bari mu tattauna. Ra'ayina a fili yake, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: kyan sikirin bai isa dalilin da mutum irinmu zai jefar da wayar da ke aiki ya sayi wata ba, kuma a mafi yawan lokuta ba shi ne ma ainihin abin da ke sa mu canza waya ba. Hujja ce da muke kamawa bayan zuciya ta riga ta ƙwallafa. Masu talla sun san haka, shi ya sa suke ta cusa mana haruffa da lambobi a kwali.

Amma kada a ce na yi hukunci cikin duhu. Bari mu fara sanin mene ne a cikin waɗannan haruffa da ake ruɗa mu da su.

Iri biyu ne kacal a kasuwa, sauran duk laƙabi ne. Na farko shi ne LCD, tsohon hannu. A bayansa akwai wani faifan fitila da ke ci muddin fuskar waya na kunne. A gaban fitilar an jera wasu 'yan mitsi-mitsin tagogi, miliyoyi, cike da wani sinadari mai kama da ruwa wanda wutar lantarki ke juyawa, ya buɗe wa haske hanya ko ya tare shi, sannan hasken ya ratsa ta matatar ja, kore da shuɗi, hoto ya fito. Tun da fitilar ba ta mutuwa, ko baƙi aka ce ya nuna sai ɗan haske ya tsirgo, shi ya sa baƙin LCD ke yin toka-toka idan kana cikin duhu. A cikinsa akwai na ƙasa-ƙasa, wanda 'yan kasuwa ke kira TFT kawai, in ka karkata wayar launi ya dushe. Akwai kuma IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi a 1996, shi ko ta gefe ka kalla launinsa na nan.

Na biyu shi ne OLED. Shi babu fitila a bayansa, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa da kansa. Idan aka zo wajen baƙi sai ɗigon ya mutu gaba ɗaya, baƙin ya fito wuluk, sauran launuka su yi ta ƙyalli kusa da shi. Wasu masana biyu ne, Ching Tang da Steven Van Slyke, suka samar da na farko mai amfani a kamfanin Kodak na Amurka a 1987. AMOLED da yaranmu ke rantsuwa da shi, nau'in OLED ne da ake sa wa wayoyi, kuma kamfanin Samsung ne ya yayata sunan, musamman daga wayar Galaxy S ta 2010. Kamfanin Apple bai sa OLED a iPhone ba sai a 2017, a kan iPhone X da aka sa wa kuɗi dala 999. Duk sauran sunayen da kake gani, wannan Super kaza, wancan Dynamic kaza, 'ya'yan gida ɗaya ne, kowane kamfani ya yi wa nasa kirari.

Shin OLED ya fi LCD kyau? Ya fi. Duk wanda ya musa wannan bai ajiye su kusa da juna cikin ɗaki mai duhu ba. Sai dai mai shago yakan karanta maka shafin farko ne ya rufe littafin. Sinadarin da ke cikin ɗigon OLED yana tsufa, kuma ɗigon da ya fi aiki shi ya fi saurin gajiya. Saboda haka mutumin da ke barin manhajar banki ko taswirar hanya a buɗe tun safe har dare, da haske a ƙure, wata rana zai ga inuwar wannan hoto ta zauna daram a fuskar wayarsa, ba ta gogewa. Sinadarin kuma ba ya shiri da iska da danshi. Da zarar ya tsage iska ta samu hanya, sai baƙin tabon nan ya fara ci kamar wutar daji, abin da ya samu ɗan yayata ke nan. Wayar LCD kuwa, sau nawa muka ga gilashinta ya yi ratsa-ratsa kamar yanar gizo, an liƙa mata leda, mai ita ya ƙara shekara yana harkarsa? Bugu da ƙari, yawancin OLED idan ka rage haske, kashewa da kunnawa yake yi sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda. Ido ba ya kama wannan ƙiftawa, amma akwai mutanen da take sa wa ciwon kai da gajiyar ido da daddare.

Sai batun batir, wanda shi ma ake yi mana kirari da shi, wai AMOLED ba ya cin caji idan ka mai da fuskar wayar baƙa. Akwai gaskiya a ciki, amma 'yar kaɗan ce. Masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun auna wannan a 2021, suka gano cewa idan haske na tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, yadda yawancin mutane ke barinsa a cikin ɗaki, baƙar fuska na rage cin wuta da kashi 3 zuwa 9 ne kawai. Sai an ƙure haske sannan ragin ke kai kashi 39 zuwa 47. Wa zai ƙara dubu ɗari a kan waya don ya tsira da kashi 9 na caji? Fawa-banki ai bai kai haka ba.

Yanzu mu zo ga lambobin kwali, mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Lamba ta farko ita ce yawan ɗigo, abin da Turawa ke kira fiksal. Mu da muka ga zuwan GSM ƙasar nan a 2001, mun san Nokia 3310. Fuskarta ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, jimla 4,032, babu launi. Da ita aka yi cinikin tirelolin tumatir a Mile 12, da ita aka sayar da shanu a Kara. Ba ina cewa mu koma can ba ne. Tashin da aka yi daga wannan fuska zuwa ta wayoyin shafa, tashi ne na gaske wanda ko makaho ya shafa ya ji. Amma tsani yana da ƙarshe. A 2010, da Steve Jobs ke gabatar da iPhone 4 mai ɗigo 326 a kowane inci, ya ce da zarar an kai wajen ɗigo 300, idon mutum ba ya iya rarrabe su idan wayar na nesa da fuska kamar inci 10 zuwa 12. Masana sun yi ta gardama a kan wannan adadi. To yau waya mai tsawon inci 6.5 da ɗigo 1080 sau 2400, irin wadda ta cika kasuwa a matsakaicin kuɗi, tana da ɗigo kusan 405 a inci. Ta riga ta wuce iyakar. Duk abin da aka ƙara bayan nan, batir da aljihu ne ke jin nauyinsa, ido bai san ana yi ba.

Kamfanonin da kansu sun ba da shaida. Sony ya fito da Xperia Z5 Premium a 2015 mai ɗigo 806 a inci, aka yi ta tafi. A 2024, a kan Xperia 1 VI, ya sauko ya koma 1080. Samsung ya yi Galaxy S8 a 2017 da sikirin mai ɗigo 1440 a kwance, amma daga kwali an saita ta ne a kan 1080, kuma jama'a da dama sun yi amfani da ita har ta tsufa ba su san akwai wani mataki a sama ba. Idan bambancin a bayyane yake, ta yaya mutum zai shekara uku bai lura ba?

Sannan mu tambayi kanmu, wai me muke kallo a wayar? Hoton biki da aka turo ta WhatsApp, wanda manhajar ta matse shi kafin ya iso. Wa'azi ko wasan barkwanci da ya bi ta waya ashirin, kowace ta ɗan rage masa. Fim ɗin Kannywood a YouTube da muke saukar da shi zuwa 360 ko 480 don kada data ta ƙare, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sikirin ba ya ƙirƙiro abin da babu a cikin hoto. Ka sayi tirela ne don ɗaukar buhu ɗaya.

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa 60Hz, 90Hz ko 120Hz, wato sau nawa fuskar waya ke sabunta hoto a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan kana jan shafi da yatsa, mai 120 ya fi sulɓi, wannan gaskiya ne, kuma masu wasannin waya na cin moriyarsa. Amma fim hoto 24 yake tafiya da shi a daƙiƙa, yawancin bidiyon intanet kuma 30. Ko sikirin ɗinka na yin 120, fim ɗin bai san zancen ba. Abin da ya tabbata shi ne ƙarin cin caji, sai fa a manyan wayoyi masu tsada da ke iya rage gudun da kansu. Kuma ga abin lura: ƙananan iPhone sun zauna a kan 60 har zuwa iPhone 16 ta 2024, sai a iPhone 17 ta 2025 aka ba su 120, alhali wayoyin China masu araha sun daɗe da shi. A duk tsawon shekarun nan ba a daina layin sayen iPhone ba.

Lamba ta uku ita ce ƙarfin haske, wanda ake aunawa da nit. Wannan kam ta shafe mu, domin yawancinmu a rana muke aiki: mai kayan gwari, mai canji, mai POS, ɗan acaba, direban tirela. Mutumin da ke son tabbatar da alat da tsakar rana kafin ya miƙa kaya, yana buƙatar sikirin mai haske. Sai dai nan ma akwai wayo. Wayar OnePlus 12 an yi tallarta da nit 4,500, amma wannan adadi a wani ɗan yanki na fuskar ake samunsa, na ɗan lokaci, a kan wani irin bidiyo na musamman. Hasken da fuskar gaba ɗaya ke bayarwa a rana, wanda kamfanin da kansa ya rubuta, 1,600 ne. Kuma kowace waya idan ta ɗau zafi rage hasken take yi da kanta don ta tsira, mu kuwa ba a ƙasar sanyi muke ba. Saboda haka lambar kwali ba ta gaya maka komai ba sai ka fita da wayar rana ka gani.

Sai ado na ƙarshe, lanƙwasa da naɗewa. Samsung ya fara lanƙwasa gefen sikirin a Galaxy Note Edge ta 2014 da S6 Edge ta 2015, sauran kamfanoni suka bi sahu. Shekara goma ana fama: gefen ne ke fara dukan ƙasa idan waya ta faɗi, gilashin kariya ba ya zama da kyau, tafin hannu na taɓa abin da ba a sa shi ba. A 2024 Samsung ya miƙe fuskar Galaxy S24 Ultra. Su da suka ƙirƙiro abin sun bar shi, kwancensu kuwa yana nan jibge a Ikeja da Farm Centre ta Kano, yaranmu na rububi. Wayar da ake naɗewa kuma, Galaxy Fold ta farko da aka sa wa dala 1,980, sai da aka ɗage fitowarta daga Afrilu zuwa Satumban 2019, saboda sikirin ɗin waɗanda aka bai wa 'yan jarida gwaji ya lalace cikin 'yan kwanaki. An gyara da yawa daga baya, amma mai aiki cikin ƙurar kasuwa da ruwan Legas ya yi tunani sau biyu.

To idan kyan sikirin ne ke jan masu saye, sai mu ga wayar da ta fi kyan fuska ta fi kasuwa. Haka abin yake? iPhone XR ta fito a 2018 da LCD mai ɗigo 326 a inci, daidai da na iPhone 4 ta shekara takwas baya. Masu sharhi suka yi ta yi mata ba'a. Ita ce wayar da aka fi saye a duniya a 2019. Ƙanwarta iPhone 11, ita ma LCD, ita ta riƙe kambun a 2020. Mu dawo gida. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, shi ya fi kowa sayar da waya a Afirka. Da me ya ci kasuwa? Da gurbin layi biyu a lokacin da kowa ke yawo da waya biyu saboda sabis, da batir mai daɗewa a ƙasar da wuta ba ta zama, da kyamarar da ta san baƙar fata, da kuma farashin da talaka zai iya. Sun zauna sun karanci rayuwarmu, suka ga sikirin ba shi ne a sahun gaba ba.

Kowa ya dafa ƙirjinsa ya tuna wayoyi uku na ƙarshe da ya rabu da su. Ni dai tawa ta farko a cunkoson Oshodi aka zare ta. Ta biyu batir ne ya kumbura har ya ɗaga murfi. Ta uku ma'ajinta ne ya cika, kullum sai na goge hoton 'ya'yana kafin saƙo ya shigo. Wasu kuma manhaja ce ta gudu ta bar su, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba a Oktoban 2023. Wasu ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tilasta musu barin rakani-kashi suka sayi wayar shafa, domin ciniki ya koma tiransifa. Waɗannan su ne dalilai na gaskiya. Wurin da sikirin ke shigowa a wannan jeri ɗaya ne: ranar da ya fashe, mai gyara ya faɗi kuɗin da ya kusa na sabuwar waya.

To me ya sa muke cewa sikirin ne? Domin shi ne abin da wani ke gani. Ba wanda ke ganin batir ɗinka, ba wanda ke leƙa ma'ajin wayarka. Amma ka ajiye ta a kan tabarma a majalisa, fuskarta ta kawo haske, ido ya koma kanta. Mu da ke zaman Kudu wannan ciwo ya fi kama mu, musamman idan Sallah ta matso. Mutum na son in ya sauka a tashar garinsu a ce wane ya dawo daga Legas, dubi wayarsa. Ba wanda zai ga ɗakin da suke kwana su shida, ba wanda zai san wayar ta bashi ce, irin wadda ake biya kaɗan-kaɗan, ranar da ka makara kamfani ya kulle ta daga nesa, kyakkyawar fuskar ta koma takardar tuni. Kallon kitse ake yi wa rogo, mu ne kuma ke biyan kuɗin kallon.

Masu sharhin waya a YouTube da TikTok su ma suna da nasu kason. Mutum na zaune a ɗaki mai sanyi, ya jera waya biyu gefe da gefe, ya kusanto da kyamara yana nuna maka bambancin baƙi da baƙi. Kai a rayuwarka yaushe za ka riƙe waya biyu kana gwada baƙinsu? Bayan mako guda ido ya saba da duk abin da aka ba shi. Kuma ban cika jin mai sharhin da ya tsaya ya ce ga kuɗin canza wannan sikirin a Ikeja ba. Haka shagon sayarwa: haske a ƙure, an sa bidiyon furanni da tsuntsaye da kamfani ya shirya musamman, launi an cika masa gishiri. Wannan kwalliyar amarya ce ranar kai ta ɗaki.

Alhali lissafin ya canza ƙwarai. Sikirin ba a yin sa a ƙasar nan, da dala ake shigo da shi. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Ke nan sikirin ɗin da aka yi wa ɗan yayata kuɗi ya kusa albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Ga mai zama a Landan da ke da inshorar waya, fashewar sikirin ɓacin rai ne na yini guda. Ga mai POS a Agege, wayar ita ce shagonsa, ita ce bankinsa, ita ce hanyar da tsohuwa ke jin muryarsa. Ranar da ta mutu kasuwa ta tashi.

Na san za a ce, "Malam, kuɗinsa ne, guminsa ne, talaka ma yana da haƙƙin ya more." Haka ne, ban musa ba, kuma ba ni da ikon hana kowa. Mai hali ya sayi wadda ake naɗewa gida uku ma, Allah ya sa alheri. Wanda nake magana da shi shi ne mutumin da zai iya sayen wayar amma ba zai iya gyaranta ba. Wannan bai mallaki waya ba tukuna, riƙo aka ba shi zuwa ranar da za ta faɗi. Wani kuma zai ce tsufa ne ke damuna, idona ne ya daina ganin bambanci. Wataƙila. Amma ai kamfanin Sony ba tsufa ya yi ba da ya sauko daga 806.

Kuma don kada a ce na ƙi gaskiya, akwai wuraren da sikirin ya isa dalili. Idan wayarka ba ta karantuwa a rana har kana kuskuren lambar asusu, canza ta, wannan asara ce kake gudu. Idan kai mai yawan karatu ne a waya, tashi daga mai ɗigo 720 zuwa mai 1080 abu ne da ido ke gani, domin a inci 6.5 tashi ne daga ɗigo kusan 270 zuwa 405, ƙananan haruffa sun fi fitowa. Idan sana'arka ɗaukar hoto ce ko ɗinki da ake nuna wa mai kaya launin yadi ta waya, launi mai gaskiya jari ne. Idan kuma shekaru sun haura arba'in rubutu ya fara yi maka hazo, kafin ka zargi wayar je a auna idonka, sau da yawa tabarau ne maganin, sannan ka ƙara girman rubutu a saiti, kyauta ne.

Shawarata ga duk wanda zai shiga kasuwa ita ce, kafin ka biya, ka fara tsayawa wajen mai gyara, ba wajen mai sayarwa ba. Ka gaya masa sunan wayar, ka tambaye shi nawa ne sikirin ɗinta ɗan asali, kuma ana samunsa ko sai an yi oda. Idan kuɗin ya haura abin da za ka iya fitarwa gobe da safe ba tare da ka taɓa na gida ba, wayar ta fi ƙarfinka ko da kuɗinta na aljihunka. Sannan ka roƙi mai shago ya bari ka fita da ita bakin ƙofa ka karanta saƙo a rana. Idan ta hannu ce, ka buɗe farin shafi ka duba ko akwai inuwar tsohon hoto, ka buɗe baƙi ka rage haske ka gani: idan an ce maka AMOLED ne amma baƙin na ba da ɗan haske, to an riga an canza sikirin, kwafi ake sayar maka a kuɗin ɗan asali. Ka guji mai lanƙwasasshen gefe. Ka tambayi lafiyar batir da girman ma'aji, da kuma shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta manhajarta. Daga ƙarshe ka saya mata riga da gilashin kariya tun kafin ka bar kasuwar, domin rigakafi ya fi magani.

Ɗan yayata ya koma bakin aikinsa da sikirin ɗinsa na dubu 55. Jiya na tambaye shi yaya yake ganin launin yanzu, sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, wallahi har na manta, alat dai yana shigowa." Kuɗin takin kuwa ni na ranta masa, mun yi da shi zai biya a wata uku, kuma na gaya masa zan ba da labarinsa ba tare da na kama suna ba, ya ce in bayar, ko wani zai tsira.

Allah ya ba mu sa'ar abin da muka fito nema, ya mai da mu gida lafiya. Wassalam.